Tambaya da Amsa: Me ke kashe kifi a sabon akwatin gilashi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Watan jiya na saya wa yarana akwatin kifi na gilashi mai cin lita 60, da matatar ruwansa, da kifayen ado guda takwas irin masu launin zinare. Mai shagon ya ce in bar ruwan ya kwana kafin in zuba su, na kuwa yi hakan. Satin farko lafiya lau, amma a sati na biyu suka fara taruwa a saman ruwa suna haki, kusan kowace safiya sai mun tsame gawa, har biyar suka mutu. Ruwan garau yake, domin duk Asabar nakan juye shi gaba ɗaya, in wanke tsakuwar da soson matatar a famfo. Wani abokina ya ce dole ne akwati ya "nuna" kafin a sa kifi. Mece ce wannan nunar, kuma da kifi ake yin ta ko babu kifi? Daga wani mai karatu a Rijiyar Zaki.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri, ya ba yara haƙuri. Abokinka ya faɗi gaskiya, kuma zan ƙara da abin da ba zai yi maka daɗin ji ba: wankin nan na ranar Asabar, wanda kake yi don tausayin kifin, yana cikin abin da ya hallaka su.

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya a duk lokacin da yake numfashi, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasan akwati su ma amoniya suke zama. A Kogin Challawa ko Dam ɗin Tiga yawan ruwa yana tafiya da ita, amma a cikin lita 60 babu inda za ta je. Ba ta da launi, don haka ruwa zai iya zama garau alhali ya zama guba. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne kashi biyu. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya zuwa nitrait, wanda shi ma guba ne, domin yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Hakin da ka gani a sati na biyu ya yi daidai da lokacin da nitrait ya saba hawa. Kashi na biyu, irin su Nitrospira, suna mayar da nitrait zuwa nitret, wanda illarsa kaɗan ce, kuma canjin ruwa na mako-mako ya isa ya rage shi. Nunar akwati ita ce a jira waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da zai iya cinye ƙazantar kifin da ke ciki, kuma hakan yakan ɗauki sati 4 zuwa 6, wani lokaci har 8, saboda hayayyafarsu a hankali take.

Ƙwayoyin ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin soson matata da tsakuwa da bangon gilashi. Wannan yauƙin mai ruwan ƙasa da ka matse daga soso a bakin famfo, kana ganin datti ne, shi ne mazauninsu. Duk Asabar kana mayar da aikin baya zuwa ranar farko, musamman idan ruwan famfon yana da kulorin, wanda dama don kashe ƙwayoyi ake zuba shi. Shawarar mai shago ta a bar ruwa ya kwana tana rage kulorin, amma ba ta haifar da bakteriya ko ɗaya.

Da a ce ka tambaye ni kafin ka sayi kifin, da na ce ka yi nunar babu kifi, domin ban ga dalilin wahalar da abu mai rai a kan aikin da za a iya yi ba tare da shi ba. Ana cika akwati, a kunna matata dare da rana, a riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum tamkar akwai mai ci, ko da irin na masu kiwon tarwaɗa ne, ya ruɓe ya ba da amoniya. Wanda ya samu gishirin amoniyam kulorayid a wurin masu sayar da sinadarai zai fi samun ma'auni, sai ya zuba har gwaji ya nuna miligiram 2 a kowace lita. Daga nan sai awo da kayan gwajin ruwa, waɗanda ake ɗiga wa ruwa a 'yar kwalba a kwatanta launinsa da na kati. Za a ga amoniya ta hau ta sauka, nitrait ya biyo baya ya hau, sau da yawa ya tsaya cak na kwanaki har mutum ya fara fid da rai, sannan ya faɗi. Ranar da aka zuba amoniya, bayan awa 24 aka tarar ita da nitrait duk sun koma sifili, akwati ya nuna. Sai a canza rabin ruwan ko fiye, a fara da kifi biyu ko uku, a riƙa ƙarawa bayan kowane sati biyu. Idan ruwa ya yi fari kamar an ɗiga madara a kwanakin farko, a ƙyale shi, zai washe da kansa.

Akwai hanyar rage jira, kuma ita ce na fi amincewa da ita fiye da ruwan ƙwayoyin bakteriya na kwalba da ake tallatawa. Idan abokin naka yana da akwatin da ya yi watanni kifinsa na lafiya, ka roƙe shi ya yanko maka gefen soson matatarsa, ka ɗauko a leda da ruwan akwatin, ka cusa a taka matatar a ranar kafin ya bushe.

To, kai yanzu kifi uku gare ka a hannu, don haka nuna da kifi ta zama dole. Kada ka ƙara ko ɗaya. Ka rage abinci zuwa abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya a rana, ka kuma hana yara ƙari a bayan idonka, domin a gidaje da yawa nan ne ɓarnar take. Ka auna ruwa kullum, duk ranar da amoniya ko nitrait ya kai rabin miligiram a lita ka kwashe kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan, ka mayar da wanda ya kwana a bokiti. Idan ba ka samu kayan gwaji ba, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu kullum har tsawon wata. Ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a kowace lita 10 yana rage shigar nitrait jikin kifi, ko da yake ba ya taɓa amoniya. Soso kuwa, sai ya toshe za ka taɓa shi, ka matse shi a hankali cikin ruwan da ka kwaso daga akwatin, ba sabulu.

Yanayin Kano yana da nasa hukuncin a wannan aiki. Ƙwayoyin sun fi saurin yaɗuwa idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 25 da 30, saboda haka nunar da aka fara a sanyin hunturu takan ja lokaci. Amma a zafin Afrilu, da gari kan kai digiri 40, dafin amoniya yana ƙaruwa, iskar da ke cikin ruwa tana raguwa, don haka a nisanta akwati da taga. Ruwan burtsatse da na 'yan garuwa galibi ba shi da kulorin, sai dai yana da kyau a auna shi tun daga jarka, domin na wasu unguwanni yana zuwa da nitret ɗinsa. Babbar matsalar ita ce ɗauke wuta, saboda ƙwayoyin nan da iska suke rayuwa, kuma idan matata ta tsaya awanni masu yawa sukan raunana. Matatar ruwa ba ta cin wuta sosai, wanda ke da sola ko inbata ya jona ta a can, wanda ba shi da su ya nemi ƙaramin famfon iska mai batir, ko ya ciro soson ya sake shi cikin akwatin, yana ɗiban ruwa da kofi yana zubowa daga sama lokaci zuwa lokaci.

Game da irin kifin da ka saya, masu launin zinaren nan suna da ci da yawan kashi, kuma suna girma su wuce tsawon tafin hannu. Takwas sun yi wa lita 60 yawa ko da akwatin ya nuna, ukun da suka rage ma nan gaba za su buƙaci wuri mafi faɗi. Idan yara sun matsa a cike gurbin waɗanda suka mutu, ka jira ukun su koma babban akwati, sannan ka sa ƙananan kifin ado irin su gofi (guppy) a wannan.