Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Manhajar Injin Sassaƙa Ba Ta Hawa Kowace Kwamfuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne a unguwar Zariya da ke Maradi, kuma idan aiki ya sarara nakan sassaƙa allunan shaguna da adon ƙofofi da wani ƙaramin inji da kwamfuta ke sarrafawa, irin wanda ake kira CNC. Da tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 nake tafiyar da shi ta kafar firinta. Da na sayi sabuwa mai Windows 11, na haɗa da wayar da ke mayar da USB kafar firinta, sai manhajar ta buɗe amma injin ko motsi bai yi ba, ƙanena kuma ya gwada a tasa mai Linux ya ce ba ta ma hawa. Me ya hana masu rubuta manhajojin nan su yi guda ɗaya da za ta yi aiki ko'ina?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Daga bayaninka, manhajarka tana cikin irin su Mach3, waɗanda kwamfutar da kanta ce ke aika bugun lantarki zuwa injinan da ke tura bakin yanka, kuma a nan tushen matsalar yake. Kowane bugu yana matsar da bakin da ɗan tazarar da ido ba ya gani, ana kuma bukatar dubban bugu a daƙiƙa guda, a jere, ba tare da ɗaya ya makara ba, domin idan ya makara inji zai yi tuntuɓe, layin da ya kamata ya miƙe ya karkace, katako ya lalace. Windows kuwa an gina ta ne kamar mai shayi da ke sallamar mutane da yawa a lokaci ɗaya, wanda kowa zai samu nasa amma ba a yi wa kowa alkawarin daƙiƙar da zai samu ba. Don a kauce wa haka ne Mach3 ta zo da ƙaramar manhaja ta musamman da ke kutsawa can cikin Windows ta riƙe kafar firinta mai ramuka 25, ita kuwa a Windows mai bit 32 kaɗai take aiki, alhali Windows 11 mai bit 64 ce zalla. Wayar da ka saya ma ba za ta yi ba, saboda USB yana aika bayanai ne ƙunshi-ƙunshi, ba bugu ɗaya bayan ɗaya ba.

A ɓangaren Linux, ƙaninka zai tarar da irin wannan ɗaurin ta wata fuska. LinuxCNC, wadda ta samo asali daga aikin da cibiyar ma'auni ta Amurka, NIST, ta fara a shekarun 1990, tana bukatar Linux da aka gyara zuciyarta don ta riƙa cika alkawarin lokaci, kuma sai a 2024 ne aka shigar da wannan gyara cikin babbar Linux. Ita ma ba ta hawa Windows. Duk manhajar da ta kusanci inji har ta ɗauki nauyin ƙidayar lokacinsa, to dole ta maƙale wa tsarin kwamfuta guda.

Mafitar da masu sha'awar wannan sana'a suka samo ita ce raba aikin gida biyu. A 2009 wani ɗan ƙasar Norwe, Simen Svale Skogsrud, ya fitar da GRBL, manhajar da ke zaune a cikin ƙaramin allon lantarki irin Arduino Uno, ita ce ke fitar da bugun, har kusan dubu 30 a daƙiƙa, kwamfuta kuwa aikinta kawai ta miƙa mata umarnin G-code, wato rubutun da ke gaya wa inji inda zai matsa, layi bayan layi. Da aka sauke wa kwamfuta wannan nauyi, sai ya yiwu a rubuta manhajojin aikawa masu hawa Windows da Linux da macOS, irin su Universal Gcode Sender da aka rubuta da harshen kwamfuta na Java, da bCNC da aka rubuta da harshen Python.

Sai dai ko a nan wahala ba ta ƙare ba, kuma ina ganin a nan ne ya kamata mu yi wa masu rubuta su adalci, domin yawancinsu ƴan sa-kai ne da ke yin aikin bayan sun tashi daga nasu neman abincin. Kafar da Windows ke kira COM3, Linux na kiranta ttyUSB0, kuma ba ta barin kowa ya taɓa ta sai an ba shi izini. Allunan masu rahusa da ke shigowa kasuwanninmu galibi suna ɗauke da guntun CH340, wanda wasu kwamfutocin ba sa gane shi sai an saka musu direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Apple, kamfanin da ke da macOS, ya daina karɓar manhajoji masu bit 32 a 2019, ya koma nasa guntayen M1 a 2020, yana kuma karɓar dala 99 a shekara daga mai son manhajarsa ta samu hatimin da zai sa ta buɗe ba tare da gargaɗi ba. A farkon 2020 aka daina kula da Python 2, aka tilasta wa masu manhajoji sake gyara dubban layuka. Kowane canji irin wannan yana bukatar a gwada shi a kan kwamfuta ta gaske haɗe da inji na gaske, mutum ɗaya kuwa da wuya ya mallaki duka ukun.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu a Nijar, wadda zan so ka kiyaye. Kwamfutocinmu da yawa an saita su da Faransanci, inda ake rubuta 12,5 da waƙafi, shi kuwa G-code ɗigo kaɗai ya sani, wato 12.5. Manhajar da marubucinta bai yi la'akari da haka ba tana iya fitar da fayil mai waƙafi, allon ya ƙi karɓar layin, mai inji ya yi ta zargin wayoyi. Maganin yana cikin saitin yanki na Windows, inda ake mayar da alamar ta koma ɗigo.

Shawarata gare ka ita ce kada ka rabu da tsohuwar kwamfutar. Ka keɓe ta ga injin kaɗai, ka cire ta daga intanet tunda an daina ba Windows 7 kariya tun Janairun 2020, ka sama mata batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta, ka kuma kare ta daga ƙurar katako da ta hunturu. Zane kuwa ka yi shi a sabuwar, da manhaja irin FreeCAD mai hawa duka tsare-tsaren uku, ka kwashe fayil ɗin G-code a filashi ka kai wa tsohuwar. Ranar da ta gaza, ka nemi allo mai GRBL, amma kafin ka biya kuɗi ka tabbatar da cewa ƙarfinsa ya dace da injinanka, kuma adadin hanyoyin motsi da yake turawa, irin su gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, ya kai na injinka, domin GRBL na Arduino Uno uku kaɗai yake iya tafiyarwa.