Ɗauko ƙane zuwa Amurka

Ka tambaya ko mai katin zaman dindindin a Amurka zai iya ɗauko ƙanensa. Ba zai iya ba, ɗan'uwa, sai ya zama ɗan ƙasa kuma ya cika shekara 21. Mai kati, mata ko miji da 'ya'yan da ba su yi aure ba kaɗai yake ɗaukowa.

In ya cancanta, fom I-130 zai cike wa hukumar USCIS mai kula da shige da fice a Amurka, haɗe da takardun haihuwarsu su biyun. Nan ake yawan tuntuɓe: sunan mahaifiya ya saɓa tsakanin takardun, sai a nemi ƙarin hujja, wani lokaci har gwajin DNA. Daga baya sai fom I-864 na alkawarin ɗaukar nauyin ƙanen, ya nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin Amurka. Layin jiran bizar 'yan'uwa kuwa yakan haura shekara goma.