Abokin aikina Kirista ya yi min bayanin gicciye, me ya kamata in ƙudurce?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Muna ofis ɗaya da wani Kirista a Kaduna, mutumin kirki ne. Da hutun Ista ya zo, na tambaye shi dalilin bikin, sai ya ce Yesu ya mutu a kan gicciye domin zunuban mutane. Na yi shiru don ban san abin da zan ce ba. Me wannan ke nufi a wurinsu, kuma na yi laifi da na saurara?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, ba ka yi laifi ba. Annabi (SAW) ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina, ya ji ta bakinsu kan Annabi Isa (AS), sannan ya amsa musu.

A Linjilolinsu huɗu, na Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, an ce an gicciye shi ranar Juma'a a Urushalima, a wurin da ake kira Golgota, da hukuncin Bilatus, gwamnan Romawa da ya riƙe Yahudiya daga 26 zuwa 36 miladiyya, kuma ya tashi ranar Lahadi. Ma'anar a wurinsu ita ce fansa. Suna ganin saɓon Annabi Adamu ya raba ɗan Adam da Ubangiji, rabuwar da aikin mutum shi kaɗai ba zai gyara ba, sai hadayar wanda ba shi da zunubi. Shi ya sa suke ce masa Ɗan Ragon Allah, suna danganta mutuwarsa da yankan Idin Ƙetarewa na Yahudawa. Bulus ma, ɗaya daga cikin manyan masu yaɗa Kiristanci na farko, ya rubuta wa Kiristocin birnin Korinti cewa in Almasihu bai tashi ba, imaninsu banza ne. Ina jin wasu masu wa'azi na cewa itace Kiristoci suke bauta wa. Abokinka ba zai gane addininsa a wannan magana ba, kuma adalci wajibi ne ko ga wanda ka saɓa da shi.

Amma mu, ayar Nisa'i ta 157 ta yanke magana: ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne. Aya ta 158 ta ce Allah ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Wa aka kamanta? Malaman tafsiri irin su Ɗabari da Ibn Kasir sun kawo ruwayoyi mabambanta: wasu sun ce saurayi ne cikin almajiransa ya miƙa kansa, wasu sun ce wanda ya ci amanarsa ne. Alƙur'ani bai ambaci suna ba, don haka kada ka kafe kan ɗaya.

A ganina tushen saɓanin yana ga fansar kanta. Baƙara aya ta 37 ta ce Adamu ya karɓi kalmomi daga Ubangijinsa, aka karɓi tubarsa, ke nan babu bashin da ya bar wa 'ya'yansa. An'am aya ta 164 kuma ta ce wani rai ba ya ɗaukar kayan laifin wani.

Saurare domin sani ya halatta ga wanda ya san aƙidarsa. Gaskata gicciyewar bayan sanin ayar ƙaryata Alƙur'ani ne. Rataya gicciye ba ya halatta, domin Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ba ya barin abu mai alamar gicciye a gidansa face ya goge ta. Izgili da zagi kuma An'am aya ta 108 ta hana, Ankabut aya ta 46 ta ce jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau. In zancen ya sake tashi, ka ce masa muna son Annabi Isa, mun yi imani yana raye kuma zai dawo, sannan ku koma bakin aikinku. Wallahu a'alam.