Waya ba ta koya amshi

Ka ce in rera maka waƙoƙin a waya ka je gida ka hardace, wai ka gaji da zaman amshi. Kai yaro, waya tana numfashi? Ni ina yi. Inda na dire ɗan waƙa na ja numfashi, nan za ku faɗo da gindin waƙa baki ɗaya, daidai bugun kalangu. Yau in tsawaita ɗan, gobe in gajarta shi, in na hango mai kyauta ya shigo in jefa sunansa. Wannan ba a hardace shi, kunne ake horarwa.

Wani dillalin albasa ya taɓa ɗaukata bukin ɗiyarsa a nan Tawa. Muka yi jinga jika 150 da rago, ya ba da jika 20 kafin alƙalami. Da buki ya matso sai ya ce ƴan amshina sun yi masa yawa, yana da samari a gida da suka hardace waƙoƙina a kaset, su za su karɓa mini. Na ƙi. Ya turo mini dattijon da ba na iya haɗa ido da shi. Daren buki, fili ya cika, na kai kan kirarin kakan amarya na ƙara masa baiti, ai sai samarin nan suka afko inda kaset ya saba shiga, suka danne sunan tsohon a gaban danginsa. Mai kalangu ya rasa wa zai bi. Mata suka tashi. Da safe mutumin ya dube ni ya ce waƙa ta ɓaci, ba ya biyan ɓataccen aiki. Shi ya kawo masu ɓatawar! Ragon ma baƙinsa ya yanka wa. Har gobe in mun gamu a kasuwa sai ya kau da kai.

Jan tsarkiya da riƙon makaɗi ba sai na ɓata bakina ba. Gindi za ka fara riƙewa, kana tafi, ina faɗa kana amsawa kamar almajiri gaban malam. In ya zauna, in bar maka rabin ɗa ka ƙarasa, daga nan ka fara ƙari da kalmominka. Tun 1975 da aka fara kokowar takobi a garin nan, mawaƙan da suka cika fili daga bayan wani suka taso. Ku kuwa wata biyu kun ƙosa ku riƙe makirfo.

Gobe bayan la'asar ka zo ka tsaya kusa da mai kalangu. Wayar ka bar ta gida.