Canjin maganin farfaɗiya kafin aure

Tambaya: 'Yata mai shekara 19 tana shan Dépakine tun tana da 15, saboda farfaɗiyar da ke fizgar mata hannu da safe har kofi ya suɓuce mata. An sa ranar aurenta, lokotoro ya ce a koma Keppra, amma ya fi tsada, wani mai sayar da magani kuma ya ce Tégrétol ya fi araha. Wanne zan saya? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa albarka a auren. Alamun da kika faɗa sun yi kama da farfaɗiyar ƙuruciya mai zabura, wadda likitan Jamus Dieter Janz ya bayyana a 1957, kuma takan fara tsakanin shekara 12 zuwa 18. Ina roƙonki kada ki sayi Tégrétol komai arharsa, domin yana da amfani ga wasu nau'o'in farfaɗiya, amma a wannan yakan ƙara yawan fizgar.

Gaskiya Dépakine ya fi sauran ƙarfi a kan wannan ciwo, sai dai lokotoron ya hango abin da ke gaba, wato juna biyu. Sinadarin balforet da ke cikin Dépakine, idan mai ciki ta sha shi, yana sa kusan jariri 10 cikin 100 su zo da nakasa, kamar ɓarakar ƙashin baya, wajen 30 zuwa 40 cikin 100 kuma su samu jinkirin magana ko koyo, shi ya sa hukumar magunguna ta Turai ta tsananta ƙa'idarsa ga mata a 2018. Haɗarin Keppra ga ciki bai kai haka ba ko kusa, ko da yake yakan sa wasu saurin fushi, abin da ya kamata a sanar da angon tun da wuri. Game da tsada, ki tambayi farmasi ko akwai lebetirasetam maras tambarin kamfani, wanda shi ne ainihin maganin da ke cikin Keppra.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. Ba a yanke tsohon magani rana ɗaya, ana ƙara sabon ana rage tsohon cikin makonni bisa jadawalin lokotoro, don tsayar da shi kwatsam yana iya jawo faɗuwa a jere mai kisa. A fara yanzu, a kuma nemi shawararsa kan jinkirta ɗaukar ciki da kuma kan shan bitamin ɗin folik asid. Ranakun biki kuwa, ki sa ƙanwarki ta tsare mata lokacin barci, domin rashin barci ne kan gaba wajen tayar da wannan ciwo.