Amsar Kawu kan hoton mai jar dara

Ɗana, saƙonka ya iso tare da hoton da kuka tsinta a ƙasan adakar marigayiya. Ka ce kana so a ƙara masa girma, a sa masa launi da manhajar waya, a rataye a falo, kuma kana tambaya ko ya dace a rubuta "Janar" a ƙasa, tunda ka ga ado a ƙirjinsa. Na yi murmushi, sannan gabana ya faɗi. Dakata da launin nan tukuna. Waya ba ta san kayan sojan da ba, za ta shafa masa koren kaki irin na yau, nan da shekara 20 'ya'yanka su rantse haka yake. A zamanin da aka ɗauki hoton nan ma babu baƙin mutum mai muƙamin hafsa a rundunar, balle janar.

Iyayenmu kan ce kama da wane ba ta wane. Ba duk mai kaki ne soja ba. Ɗan doka na En'e yana da kaki, ɗan sandan gwamnati yana da shi, ganduroba da masinjan Razdan da ma'aikacin jirgin ƙasa duk suna sawa. Masu ɗaukar hoto na birni ma sukan ajiye rigar soja a shago, saurayi ya ara ya tsaya gaban labule. Zanen aro ba ya rufe katara: za ka ga hannun riga ya wuce wuyan hannu, ko ɗamara ta karkace, ko an maƙala minda a dama alhali a ƙirjin hagu ake sa ta. Amma kafin ka yanke hukunci duba maɓallan riga, don wani lokaci wajen wanki ake juya hoton, hagu ya koma dama.

Mutumin naku dai ba aro ya yi ba. Fara daga kai. Doguwar hular nan mai tuntu da kake gani baƙa, jar dara ce. Fim ɗin wancan zamani ba ya kama ja, sai ya fito da shi baƙi ƙirin, ruwan ɗorawa ma ya yi duhu, shuɗi kuma ya yi fari-fari. 'Yar rigar da ke kan taguwarsa mai kama da falmaran ita ma ja ce, da dajiyar ruwan ɗorawa a gefe, haka faffaɗar ɗamarar da ya naɗa a ciki. Ga gajeren wandon kaki, ga ƙyallen da ake naɗewa daga idon sawu zuwa gwiwa. Wannan shi ne kayan faretin rundunar Afirka ta Yamma ta Ingilishi, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897. A 1914 aka game ɓangaren Arewa da na Kudu suka zama rajimanti guda ta Nijeriya. 'Yan igwa su shuɗiyar falmaran suke sawa, to da nasa ta fito da haske da na ce maka ɗan igwa ne.

A goshin darar akwai ɗan ƙarfe. Ya kamata ya zama bishiyar kwakwa, tambarin rundunar, da haruffa a gindinta. In ka iya karanta su ka sami shekara: kafin 1928 W.A.F.F. ne, wato sunan rundunar da Turanci a taƙaice, daga 1928 aka ƙara R a gaba. A hoton da ka turo ba ya karantuwa, don ka haska masa fitilar waya, hasken ya dawo daga gilashi ya cinye wurin.

Igiya uku a dantsensa, saje ke nan. Ɗaya las kofur, biyu kofur. Kada ka raina saje. A lokacin da Hausa ake ba da umarni a bariki, Turawan ma sai sun koye ta, kuma saje da samanja su ne ke riƙe da kurata dare da rana. Yanzu dubi ƙafarsa: ba takalmi. Ba talauci ba ne, haka ake fita fareti a da, sai wajen Yaƙin Hitila takalmin but ya zama na kowa.

Mindodin nan biyu kuwa, a fareti aka fi koyon karatunsu. Lokacin ƙuruciyarmu ranar 11 ga Nuwamba ake tunawa da mazan jiya, kafin a mai da ita 15 ga Janairu. Tun jajibiri tsofaffin soja ke jiƙa kaki da sitaci, a yi masa guga da dutsen gawayi har wando ya iya tsayawa da kansa. Maɓallan tagulla a goge su da toka da lemun tsami. Da hantsi sai su fito, wani da sanda, wani jikansa na riƙe da hannunsa, kowa da jan furen takarda a ƙirji. Amma da samanja ya daka tsawa, bayan da ya ranƙwafa sai ya miƙe. Ƙarfe 11 daidai a busa begila, a yi tsit minti 2, mai tallan ƙosai ma ta sauke murya. Sahun gaba 'yan tsiraru ne, tsofaffi tukuf, waɗanda suka yi yaƙin Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, wasu suka zarce Gabashin Afirka. Mindodinsu zagayayyu ne, ɗaya ta azurfa mai hoton doki, ɗaya ta tagulla mai ƙyalle launin bakan gizo, waɗanda suka shiga tun farko kuma suna da tauraro mai takubba biyu a gicciye. A bayansu 'yan Bama, su ne masu yawa, da taurari masu tsini shida. Ƙyallen ne ke faɗin inda mutum ya je. Mai ja a tsakiya da baƙin shuɗi da ruwan lemo a gefe, Bama ke nan. Mai launin rairayi da jan layi, wannan ya yi Habasha da Somaliya a 1941, cikin waɗanda suka kora Italiyawa daga Mogadishu har Harar. Wasu kan zo da tsohuwar malafarsu mai naɗaɗɗen gefe ɗaya, da ɗan ƙyallen da suka ɓalle daga kafaɗar rigar daji. Baƙin gizo-gizo a kan ruwan ɗorawa na Runduna ta 81 ne, waɗanda suka bi kwarin Kaladan. Mashi biyu a gicciye cikin gammo na Runduna ta 82 ne, kuma gammon ba ado ba ne, a ka aka ɗauki kayan yaƙin nan cikin duwatsu inda mota ba ta shiga. In an tashi sai su zauna gindin bishiya, kowa ya faɗi lambarsa da ka, ba ya tuntuɓe ko a harafi ɗaya. Yara na kewaye da su, sai dai ba wanda ya ɗauko takarda ya rubuta, kuma wannan yana damuna har yau. Ku kuma yanzu kuna wuce barikin Chindit a Zariya da na Kalapanzin a Kaduna, ba ku san sunayen daga yaƙin Bama suka zo ba.

To na hotonku zagayayyu ne guda biyu, ba tauraro mai tsini shida. Haɗa da ƙafar da ba takalmi, sai na ce tsakanin 1920 da 1939 aka ɗauke shi, kuma mai shi ya ga yaƙin duniya na farko. In mindodin suna nan cikin adakar, ɗauki ta azurfar ka duba kaurin gefenta. Na yaƙin farko an buga musu lamba da muƙami da suna da rajimanti. Na Yaƙin Hitila galibi ba suna a jikinsu, shi ya sa suka fi wuyar bi. Kada ku goge da yashi ko soson ƙarfe, rubutun zai tafi.

Abu ɗaya ya hana ni rufe magana. Danginmu sun taɓa Maraɗi da Damagaram, kuma sojan Faransa baƙaƙe su ma jar hula suke sawa da jar ɗamara. Tasu hular ta fi taushi, takan lanƙwashe, ba ta tsaya ƙyam kamar dara ba, tambarinsu kuma ƙugiyar jirgin ruwa ce, ba kwakwa ba. Hausawa da yawa kuma sun yi soja a Gwalkwas, wato Gana ta yau, da kaya iri ɗaya da na nan. Falmaran ɗin ta sa na karkata ga Ingilishi, amma tambarin ne zai raba gardama.

Game da ratayewa, gidanmu ba a saba kafa hoton mamaci a bango ba. Kakarmu takan ce mamaci addu'a yake so, ba kallo ba, shi ya sa hoton ya zauna a adaka naɗe cikin ƙyalle, kuma shi ya sa ya kai yau bai kode ba. Rana da danshi ne ke cin hoto. In ka ga dole sai ka rataye, wanke kwafi ka rataye shi, na asalin ya koma cikin ambulan na takarda, ba leda ba. Kada a kai shi a manne da roba mai zafi, ba ya ɓantaruwa kuma. In ya like da gilashin firam kada ka ja, fuskar ce za ta biyo gilashin. Kada ruwa ya taɓa shi. In za ka yi rubutu a baya, fensir, ba biro ba.

Shi wane ne, wannan ban isa in faɗa daga waya ba. Maza biyu ne suka tafi soja daga gidan, wa da ƙane, an ce kuma sun yi kama ƙwarai. Gwaggonka ta ƙauye ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka rayu da su. Ka je da kanka, da goro da ɗan turare, ka zauna ƙasa ka gaishe ta yadda ya kamata. Kada ka fara da cewa "wannan wane ne, ko?", don tsoho kan amsa da e saboda kara. Miƙa mata kawai ka yi shiru, ka rubuta duk abin da ta faɗa, har sunan barikin da ta ji ana ambata.

Kafin nan ka fitar da hoton bakin taga da safe, ka kashe fitilar waya, ka ɗauko mini darar daga kusa, da mindodin, da bayan takardar ko akwai hatimin mai hoto. Ka gaida mahaifiyarka.