Tambayoyinku kan fasaha: ƙananan lasifikokin ɗaki, gwada su da daidaita sautinsu

Saƙonnin wannan makon sun taru a kan ƙananan lasifikokin nan masu zuwa bibbiyu, waɗanda ake ɗorawa kan kanta ko tebur don saurare a cikin ɗaki. Manyan akwatunan biki da na taron siyasa ba sa cikin zancenmu na yau.

Salamu alaikum Malam. Na je Babbar Kasuwa, mai shago ya kunna mini lasifika iri biyu. Ɗaya an rubuta wat 2000 PMPO a kwalinta, ɗayar Edifier R1280T ce mai wat 42. Ta farkon ta fi ƙara, ta kuma fi araha. Wacce zan ɗauka? Daga wani malamin makaranta, Yantala, Yamai.

Wa alaikumus salam, Malam. Dakata tukuna, don ba a gwada maka su ba, kunna maka su kawai aka yi.

Kunnen ɗan Adam yana da wani hali: in aka jera masa sauti biyu, wanda ya ɗan fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi. Tazarar desibel 1 kacal (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), wadda ba za ka ma lura da ita a matsayin ƙara ba, ta isa ta karkatar da hukuncinka. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka suka auna yadda kunne ke jin ƙarar sauti. Kunne ya fi kaifi tsakanin 2000 da 5000 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, in lambar ta hau sautin ya sirance), bas kuwa, wato kaurin sauti, ba ya cika masa sai an ɗaga murya. Shi ya sa da an ɗan murɗa maɓalli sama sai ka ji ganga ta yi kauri, ka ɗauka lasifikar ce ta fi. Masu shago sun san haka ko da ba su taɓa jin sunan Fletcher ba.

Saboda haka ka koma da wayarka. Sauke manhajar auna ƙara, akwai su kyauta birjik, sannan ka nemi sautin gwajin nan mai yin shuuu, wanda za ka samu in ka rubuta pink noise a YouTube. Tsaya wuri ɗaya, kunna shi ta lasifika ta farko, duba lambar da waya ta nuna, a ce 75. Kunna ta biyu, a yi ta murɗawa har ita ma ta tsaya a 75. Makirufon waya ba ma'aunin ƙwararru ba ne, amma tunda shi ɗin ne ya auna duka biyun daga wuri guda, ya wadatar. Daga nan kada kowa ya sake taɓa maɓalli.

Abin da za ka saurara kuma kai za ka zo da shi, ba mai shago ba. Shi waƙar da ta fi rufa wa hajarsa asiri zai sa. Fara da muryar mutum, don ita ce abin da kunnenka ya fi sani a duniya: karatun alaramman da ka saba ji, ko muryar mai karanta labarai. Ka kula ko muryar ta koma ta hanci, ko ta yi kumburi a ƙirji, ko haruffan "s" da "ts" suna sukar kunne. Sai ka sa kiɗan kalangu. Lasifika mai kyau za ta bar ka ka ji lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya a hammata muryar ganga ta hau, ya saki ta sauko. Maras kyau duk bugun "dum-dum" ɗaya take mayar da shi. Daƙiƙa 20 zuwa 30 a nan, ka sauya zuwa can, wuri ɗaya na waƙar, don kunne ba ya daɗe riƙe da kamannin sauti.

In da hali ka tafi da aboki, ka juya baya, shi ya riƙa sauyawa ba tare da ya gaya maka wacce ke aiki ba. Floyd Toole, wanda ya yi shekaru yana wannan bincike a Kanada kafin ya koma kamfanin Harman, shi da Sean Olive sun nuna a 1994 cewa makin da mutane ke ba lasifika yana canzawa in suna ganinta, har da ƙwararru. Girman akwati da ƙyalƙyalin fenti suna shiga kunne ta ido.

Batun wat 2000 kuwa, PMPO ba ta da wata ƙa'idar awo da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Juya akwatin ka karanta ƴar takardar da ke kusa da igiyar wuta. In abin yana shan wat 30 daga bango, daga ina zai samo 2000? Lambar RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, ita ce abin dubawa. Kuma ko ita kada ta ruɗe ka: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an ninka wat wajen sau 10. A ɗakin zama, yawancin saurare bai wuce ƴan wat kaɗan ba.

In ka tilasta mini in zaɓa ban ji su ba, mai wat 42 zan ɗauka, don ko ba komi lambarta ta gaskiya ce. Sai dai ka sani babban bakinta, mai fitar da bas, inci 4 ne, ba za ta girgiza maka ƙirji ba.

Malam, ɗana ya aiko mini da ƙananan lasifikoki, muka sa su cikin kabet ɗin talabijin a kusurwar falo. Kiɗa sai ruri yake, tafsiri kuma ba ya fita sarai. Ko lalatattu aka sayar masa? Daga wata Hajiya, Tawa.

Ranki ya daɗe, Hajiya, da wuya a ce lalatattu ne. Wurin da aka ajiye su ne. Lasifika a cikin kabet kamar mutum ne ya tura kansa cikin randa yana magana. Kowane bango da ke kusa da ita yana ƙara mata bas, kusurwa kuma bango biyu ce, ga katakon kabet yana rawa tare da ita.

A sa yara su fito da su. A ɗora su inda ƙaramin bakin nan na sama zai zo daidai da kunnenki in kina zaune. In a darduma kike zama, a sauko da su ko a ɗan sunkuyar da su, don siririn sauti, wanda shi ke fayyace haruffa, miƙe yake tafiya. A bar santimita 20 zuwa 50 tsakaninsu da bangon baya, musamman in akwai rami a bayansu. Tazarar da ke tsakanin su biyun ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa wurin zamanki, a ɗan juyo da fuskokinsu gare ki. In dole sai a kan kanta, a jawo su har bakin katako, a sa musu ɗan soso ko roba a ƙasa.

Sai ɗakin kansa. Ki tsaya tsakiyar falo ki tafa hannu sau ɗaya. In kin ji wani "tirrr" ya biyo baya, siminti da tayil da gilashin taga ne ke mayar da sauti. Kafet mai kauri a gabanki, labule mai nauyi, kujerun kushin, duk suna shanye shi. Ɗakin laka mai tabarmi da katifa sau da yawa ya fi sabon falon tayil daɗin saurare, ko da mai falon ba zai so jin haka ba.

A kuma duba igiyar da ta haɗa su: ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi. In an juya ta a gefe guda, murya ba ta tsayawa a tsakiya, sai ta riƙa yawo.

Injiniya, a kwamfutata na ɗaga bas da siririn sauti a ikwalaiza, na saukar da tsakiya, kamar yadda abokaina ke yi. Da na ƙara murya sai sauti ya fashe. Yaya ake daidaitawa na gaskiya? Daga wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni, Harobanda.

Ƙanena, tsakiyar da ka danne nan murya take, da gurmi, da goge. Bas ɗin da ka ɗaga kuma ba kyauta ba ne: kowane desibel 3 na ƙari yana neman wat ninki biyu, desibel 6 ninki huɗu. Ƙaramar lasifika mai baki inci 4 ko 5 tana fara sarewa daga wajen 50 zuwa 70 Hz. In ka matsa mata a 30 Hz, bakin zai yi ta kai da komo a banza, ampili, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, ya ƙure, sauti ya fashe. Fashewar nan ita ke ƙona ƙaramin bakin sama. Mayar da komi sifili.

Aikin ikwalaiza a ɗaki ragewa ne, kuma yawancinsa ƙasa da 300 Hz yake, inda ɗaki ya fi lasifika iko. Kowane ɗaki yana da matakan da yake kumburawa, kuma kana iya lissafa su da biro. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Raba wannan da ninki biyu na tsawon ɗaki. Ɗaki mai mita 4: 343 a raba da 8, ya ba ka 43 Hz, sai ninkinsa 86, sai 129. Rufi mai tsayin mita 3 yana ba da 57 da 114. Wancan 343 ɗin na iska mai digiri 20 ne. A zafin Afrilu na Yamai, in ɗaki ya kai digiri 40, gudun ya kusa 355, sai 43 ta koma 44, ba abin da zai hana ka barci ba. Ƙaramar lasifika ba ta cika taɓa 43 ba, amma 86 tana bugunta sosai, kuma galibi nan rurin yake. In ɗakin mita 4 ne ta kowane gefe, irin ɗakunan haya da yawa, tsawo da faɗi sun haɗu a lamba ɗaya, abin ya ƙara muni.

Hanya mai sauƙi ita ce ka zauna inda ka saba, ka kunna sautin gwaji mai hawa a hankali daga 40 zuwa 300 Hz, ka rubuta inda ya yi tsalle ya cika ɗaki. Hanya ta sosai ita ce manhajar REW, kyauta ce, tare da makirufon awo irin UMIK-1 na miniDSP mai shiga ta USB. Ita za ta zana maka tudu da kwari, wato inda sauti ya yi yawa da inda ya ɓace, har ta lissafa maka gyaran. In sayensa ya yi nauyi, ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar, don awo ba kullum ake yi ba. Ka auna wurare uku ko huɗu kewaye da inda kanka yake, ka gyara tudun da ya bayyana a dukkansu kawai.

A Windows, Equalizer APO ke aiwatar da gyaran, ita ma kyauta, kuma in ka ɗora mata Peace ta fi sauƙin sarrafawa. Layi guda irin wannan yana iya canza ɗaki:

Filter 1: ON PK Fc 86 Hz Gain -5 dB Q 4

Wato a rage desibel 5 a 86 Hz, Q kuma ita ce faɗin wurin da za a taɓa, in lambar ta hau wurin ya ƙuntata. Gyara biyu ko uku sun isa. In ka ɗaga wani wuri da desibel 2, ka rage Preamp, wato ƙarar gaba ɗaya, da 2 don kada ya fashe.

Kwari kuwa, wato inda bas ya ɓace, kada ka yi ƙoƙarin cike shi. A nan sautin da ya fito da wanda bango ya mayar ne suke kashe juna, in ka ƙara wannan ka ƙara wancan. Maganinsa matsar da kujera ko lasifika. Tsakiyar ɗaki cif nan ne babban kwari yake, jikin bango kuma nan ruri ya fi yawa, sai ka nemi tsakani.

A Android akwai Wavelet da Poweramp Equalizer. Wasu lasifikokin ma da maganinsu suke zuwa a baya: Yamaha HS5 tana da maɓallin Room Control mai rage desibel 2 ko 4, JBL 305P MkII tana da Boundary EQ. Mutane da yawa ba su taɓa leƙa bayan nasu ba.

Malam, da wutar gari lafiya lau, amma da na koma kan sola sai lasifika ta kama "zzzz". Daga wani tela, Bukoki.

Maigida, inbatarka nake zargi. Masu araha ba sa fitar da wuta mai santsi irin ta gari, a gutsure take fita, ampili kuma yana jin haka. Nemi wadda aka rubuta wa pur sinus, wato mai fitar da wuta mai santsi. Kafin ka kashe kuɗi, zare cajar kwamfuta ko ta waya daga wuta ka saurara. In ƙugin ya tsaya, cajar ce mai laifi.

In lasifikokinka marasa ampili a ciki ne, akwai ƙananan ampili masu guntun TPA3116 da ke aiki kai tsaye da batir na bolt 12 ko 24, ba ruwansu da inbata. A bolt 12 za ka samu wajen wat 8 zuwa 9 a kan lasifika mai om 8, ya ishi shagon ɗinki. Ka sa fis a igiyar batir. Ƙyallen da ake rufa wa lasifikoki masu ampili a ciki saboda ƙurar hunturu kuma a cire shi in suna aiki, don ƙarfen baya ta nan zafi ke fita.

Bluetooth ko igiya? Kuma igiya mai tsada tana gyara sauti? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Lazare.

Malama, igiya ta fi tabbas, kuma ba ta jinkirta murya in kina kallon bidiyo. Amma Bluetooth na yanzu, ko da tsarin matse sauti na SBC ko AAC yake aiki, ba shi ne ke ɓata wa yawancinmu sauti ba. Waƙar da aka ɗauka da makirufon waya a wurin biki, aka yi ta turawa, ko wadda aka matse ta koma 64 kbps, ba igiyar da za ta ceto ta. Ki lura kuma wajen saye: R1280T ɗin da aka ambata a sama ba ta da Bluetooth, R1280DB ce ke da shi.

Igiyar lasifika ta tagulla mai kaurin 1.5 mm² ta isa mita 3 zuwa 5 na ɗaki, ko ta masu haɗa wutar gida ce. Ki ce mai shago ya kankare bakin zaren da wuƙa a gabanki. In cikin ya fito fari, alminiyon ne aka shafa wa tagulla, sai ki nemi wata ko ki ɗauki mai kauri 2.5.